Matacciyar Motar Bakin Titi

Tela ne ya fi kowa ɗaga murya a taron gyaran gari, wai matacciyar motar bakin titi abin kunya ce. Matasa suka janye ta.

Nan da nan shagonsa ya yi tsit. Masu kawo ɗinki daga ƙauyuka sai su zarce, don kwatancensu ɗaya ne: "Sauke ni a matacciyar mota." Shi kansa sai da ya wuce layinsu, ya tsaya yana waige-waige, sannan ya koma gida yana mita.

"Baban yara, ba kai ka ce a tsabtace ba?" in ji matarsa.

"Ai ban ce a ɓatar da garin ba!"

Washegari ya roƙo ƙofar motar wajen mai tsofaffin ƙarafa, ya jingine ta a gurbin.