Fito Ɗaya a Tsakar Gida

Da muka sayar da gonar tumakinmu muka koma cikin garin Dubbo, matata Glenys ce ta fara maganar kare. Ba a daɗe da yi mata aikin ƙugu ba, tana dogara sanda, tana son wanda zai kwanta kusa da ita in tana saƙa. Ta ce ana raba karnukan tsere da suka gama aiki, greyhound, ba abin da suka iya sai barci a kujera.

Na ce, "Ni Des Pallister, shekara arba'in ina kiwo, in ja wannan mai ƙafafu kamar sillen kara a titi? Ai abokaina su Merv sai sun sheƙe da dariya."

"To Merv ɗin ne zai zauna da shi?"

"Kelpie, karen kiwon tumaki, za a kawo. Shi ne kare."

"Tsoho, tsakar gidan nan taku goma ce. Me zai kora, igiyar shanya?"

Ni kuwa in na kafe, na kafe. Na kawo wata karya ja mai suna Flick, iyayenta duk karnukan kiwo. Kafin wata guda ta kashe ciyawar jikin shinge da zagaye, tafin ƙafarta har ya saɓule. Na gani sarai, na kau da kai. Duk ranar kasuwar dabbobi sai in tafi da ita, Merv abokina ya ce, "Kai mutumina, har yanzu da sauranka." In dawo gida ina hura hanci.

Ran nan ƙawayen Glenys na saƙa su huɗu suka zo shan shayi. Da suka tashi tafiya ta rako su tsakar gida, kowacce kai fari fat, suna tafe a cure. Sai na ga Flick ta lafe da ƙasa, ta kafa musu ido, ta fara zagayo su ta hagu a hankali. Wallahi aikin ya yi kyau. Shekara biyu rabona da ganin irinsa. Maimakon in tsawata mata, sai na sa yatsu a baki na yi fiton nan da muke yi in ana son kare ya turo garke gaba.

Flick ta bi umarni. Ta shiga bayan ƙafafun Glenys, sanda ta yi gefe, matata ta faɗi a kan hannunta na dama. Na ji ƙarar ƙashin.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambayi yadda aka yi. Na buɗe baki, Glenys ta riga ni.

"Tiyon ban ruwa ne ya harɗe ni," in ji ta, ko kallona ba ta yi ba.

Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi. Kunya ta rufe ni har na kasa ɗaga kai.

Ranar Asabar na kai Flick gonar 'yar Merv don in bar ta can. Ana buɗe mota ta dira, ta haye bayan tumaki tana gudu a kansu har ƙarshen garke. Na kira sunanta sau biyu, ba ta waiwayo ba.

Yanzu muna da greyhound, baƙi, sunansa Bishop. Ni nake jan sa kowace safiya, har ta bakin kasuwar. Merv ya shafa kansa ya ce, "Kare mai hankali." Shi ke nan, ba wanda ya yi dariya. Ashe ba wanda ya damu tun farko.

Irinsu ba sa jure sanyi, saboda haka Glenys ta ɗauko zare za ta saƙa masa riga. Layi uku ta yi, yatsun hannun da ya karye suka ƙi riƙe kwarashi. Ta mayar cikin kwando ta ce, "Ka sayo masa a kanti, tsoho."