Ƙafar Baba a Cikin Waya

"Auta, ki faɗa mini gaskiya, yanke ƙafar nan za a yi?"

Auta ta dubi mahaifinta a kan gadon asibitin. Bandejin ƙafarsa fari fat, ko jirwaye bai yi ba.

"Wa ya ce maka, Baba?"

"To tun safe 'yan ajinku ke layi a kaina. Wannan ta kwance ta wanke ta ɗaure, waccan ta zo ta sake kwancewa. Kowace da waya a hannu. Ni ban gane ba, ciwon ne ya yi tsanani?"

Makarantar koyon jinya ta daina biyo ɗalibai ɗakin marasa lafiya, ta kawo manhajar waya. Duk aikin da ɗaliba ta yi, sai ta ɗauki hotonsa, Sista mai kula da ɗakin ta dangwala yatsa a wayar, akwatin aikin ya koma kore. Wadda akwatinta ɗaya ya rage ja, sai maimaita shekara. Yau da yamma manhajar za ta rufe, kuma a duk ɗakin Baba ne kaɗai mai ciwon da ake wankewa. Shi ya sa ya zama ɗan gata dare ɗaya.

Akwatin Auta na wankin ciwo har yanzu ja ne.

* * *

"Sista, ai na wanke masa shekaranjiya, a gabanki."

"Kin ɗauki hoto?"

"Yana kuka ne, na manta."

Sista ta juya wayar sama da ƙasa, kamar mai neman bakin zare. "Ni ma ba gane abin nan na yi ba, 'yata. Idan ba hoto, ba ya karɓar yatsana. Ko ki yi yanzu, ko mu haɗu baɗi."

Auta ta tsaya a baranda, kanta ya ɗaure. A aji an koya mata cewa yawan buɗe ciwo yana hana shi warkewa. Ta rubuta hakan a jarrabawa, har ta ci. Yanzu wanne ne jinyar, wancan ko wannan?

* * *

Ashe Baba ya ji komai.

"Au, jarrabawa ce? Ni da na zaci mutuwa ce!" Ya yi dariya, ya miƙo ƙafar. "Baƙi ma na ba su, balle ke. Buɗe."

Audugar ta manne da naman da ya fara tohowa. Da ta ja, jini ya biyo. Baba ya damƙi ƙarfen gado, ya kau da kai bango. Cikin tausayinsa da kunyar kanta ta ɗauki hoton a gaggauce, ya fito dishi-dishi. Manhajar ta ce a sake ɗauka.

Ta sake. Sista ta dangwala yatsa, akwati ya koma kore.

Baba bai juyo ba. Murya can ƙasa ya ce, "Mun ci?"

"Mun ci, Baba."

A bakin ƙofa wata ɗaliba na tsaye da tiren auduga, tana jiran Auta ta gama ɗaurewa.