Inna a Ƙofar Maƙwabta

Inna ba ta taɓa shiga jirgin sama ba sai da autarta ta haihu a wata ƙasa mai nisa. Ta sauka daga wannan jirgi ta hau wancan, ta yi zaman jira a kan kujerun ƙarfe har bayanta ya ƙage, ƙafafunta suka kumbura suka ƙi shiga takalmi. A wurin bincike kuma wata mata mai safar hannu ta kwance ƙullin saiwoyin da ta ɗauko wa mai jego, ta shinshina, ta jefa a shara tana murmushi, sai ka ce alheri ta yi mata.

Surukinta ya kai ta wani dogon bene. Ɗakunan tsaf-tsaf, tagogi a rufe, shiru kamar ba kowa a ginin. Ta karɓi jikanta ta yi masa addu'a, ta nemi barci ta rasa. Idonta cike da yaji, amma da ta kwanta sai ta ji katifar tana tafiya da ita.

Washegari da hantsi ta tambayi Auta, "Wai ku ba ku da maƙwabta ne?"

"Akwai su mana, Inna."

"An haihu a gida, ba wanda ya leƙo?"

"Nan ba a haka. Ni ko sunansu ban sani ba."

Inna ta riƙe baki. Da Auta ta shiga wanka, jariri kuma ya yi barci, sai ta yafa mayafi ta fita ba takalmi, da niyyar ta gaida mutanen ƙofar da ke kallon tasu. Tana fita ƙofarsu ta rufe kanta, ƙarap. Ta murɗa, ta tura, ta kira Auta, ƙarar ruwa ta hana a ji ta.

Ɗayar ƙofar ce ta buɗe. Wani tsoho ya fito riƙe da igiyar wani ɗan kare da aka sa wa riga.

"Innalillahi, har da riga," in ji Inna, ta manne da bango. Duk da haka ta daure ta ce, "Ina kwana, Malam? Mun same ku lafiya?"

Tsohon ya yi wata magana da ba ta kama ko kalma ɗaya ba. Ya dubi ƙofar, ya dubi kumburarrun ƙafafunta a kan daɓe mai sanyi, ya koma ciki. Ta ɗauka shi ke nan. Can sai ga shi da kujera da wasu manyan silifa na ulu. Ya ajiye, ya yi mata nuni da ta zauna, ya ja karensa suka wuce.

Ta zauna don ta ɗan huta kafin ta sake bugawa. A nan Auta ta same ta, kai ya langaɓe, tana minshari.

"Haba Inna! Me za a ce da mu? Tashi mu shiga."

Inna ta buɗe ido da ƙyar. "Mutumin kirki ne, sai dai ba ya amsa gaisuwa. Kama ni, ƙafar nan ta ƙi."

Auta ta tallafe ta suka shiga. Sai Auta ta sake fitowa ta jingine kujerar a ƙofar tsohon, ta tsaya jim, sannan ta ƙwanƙwasa.