Sunan da Hajiya Rabi Ba Ta Faɗa

Ƙungiyar Tsatsa mutum uku ce. Haidar ke rera waƙa, Tayyiba ke buga ganga, Chollom ɗan Jos ke kaɗa jita. Kiɗan pank suke yi, irin mai ƙara da ihu, wanda masu shi ke nuna ba sa jin maganar kowa. A hoto fuskokinsu a murtuke suke, wandunansu a yage. Tayyiba ce ta yaga su da almakashi, ta kuma bi bakin da zare don kada yagar ta wuce gwiwa.

A garejin gidan su Haidar da ke garin Laurel, kusa da Washington, suke gwaji. Takalmi a bakin ƙofa ake barinsa. Da magariba ta gabato sai a kashe lasifika, domin maƙwabciyarsu tsohuwa ce mai fama da ciwon kai. Tayyiba a gidan kula da tsofaffi take aiki, Chollom kuwa da wannan jitar yake bin mawaƙan cocinsu ranar Lahadi.

Wata Asabar da yamma Abby ta zo kallon gwajinsu. Ita ke shirya wani babban wasa a Washington, kuma gurbi ɗaya ya rage mata, na daf da rufewa, lokacin da zaure ke cika. Haidar ya daɗe yana neman gurbin nan. Don ya burge ta, ya taɓa ce mata a waya kiɗa ya raba shi da gida, har mahaifiyarsa ba ta ambaton sunansa.

Suna tsakiyar waƙa Hajiya Rabi, mahaifiyar Haidar, ta shigo da tire na ƙosai da kunun gyaɗa. Kiɗa ya tsaya cak, su ukun suka rusuna. Ta tambayi Tayyiba jikin babanta, ta tsokani Chollom cewa gashin da ya miƙar ya kusa taɓa rufi. Ta yi wa baƙuwa sannu da zuwa da Turanci. Ɗanta kuwa ko kallo bai samu ba. Za ta fita ta ce, "Tayyiba, ki ce wa wancan ya daina shan ruwan sanyi, muryarsa ta fara dusashewa."

Abby ba ta jin Hausa, amma idonta ya gani. Ta tambayi Chollom ko an faɗi sunan Haidar cikin maganar nan, ya ce a'a. Sai ta matso ta dafa kafaɗar Haidar, idonta ya ciko. Ta ce ita ma uwarta ta shekara ba ta ɗaga wayarta ba lokacin da ta shiga harkar nan. Gurbin nasu ne, in ji ta, kuma da wannan labarin za ta gabatar da su a dandamali da shafin wasan na intanet: mawaƙin da uwarsa ta shafe sunansa.

Tayyiba ta ajiye sandunan gangarta a hankali. "Shafin da Hausawanmu na garin Sterling ke leƙawa ke nan," ta ce da Hausa. "Kafin Juma'a matan masallaci sun gama jajanta wa Hajiya."

"Angon tawaye, sai ka zaɓa," in ji Chollom, bakinsa cike da ƙosai.

Haidar ya daɗe yana murza wayar makirufo. Daga nan ya roƙi Abby ta zauna, ya yi mata bayani. Shi ɗan fari ne. A garin su Hajiya, uwa tana jin kunyar ɗanta na fari, ba ta kiran sunansa, ba ta nuna kulawa da shi a gaban mutane. Tun yana jariri haka take, tun kafin ya san mene ne kiɗa. Ya ce ita ta kwashe kayan garejin nan da hannunta ta ba su wuri.

"Abin da na gaya miki gaskiya ne, amma na karkatar da shi," ya ce. "Ba zan bari a faɗe shi a kanta ba."

Abby ta janye hannun da ta miƙa kan tiren. Ta ce ba ƙaryar ce ta fi ɓata mata rai ba, sai dai ta ɗauko nata ciwon ta ba shi alhali ba irinsa yake da shi ba. Haidar ya ba ta haƙuri, bai kare kansa ba.

Tana ɗaura igiyar takalminta ta ce gurbin rufewa ya wuce su. Akwai na buɗewa, sa'ad da ake jera kujeru, mutane ba su gama shigowa ba, in suna so. Haidar ya dubi abokansa. Tayyiba ta ɗaga kafaɗa, ta ce a wurin aikinta ta saba yi wa masu barci waƙa.

"Muna so," in ji Haidar.