Salansar Motar Fanyana

Daren Alhamis mutanen layin Mothusi, a Soweto, suka ji wani gurnani daga garejinsa, siriri mai kaifi, kamar an shaƙe zakara a cikin tulu. Kowa ya san muryar motar marigayi Fanyana, yayan Mothusi, kuma ba wannan ba ce. Tsohuwa MaMokoena ta maƙwabta har ta leƙo ta taga.

Tsohuwar salansar ce ta ruɓe. Mothusi ya sayo sabuwa daga kamfanin da ya ƙera motar, sabon zane na masu tsere, da tambarin kamfanin a jikinta. Ranar Asabar za a binne Fanyana, kuma burin Mothusi motar yayansa ta ja gaban ayari. Amma ƙungiyar masu tsofaffin motoci da Fanyana ya kafa tana da doka: motar da ke ɗauke da baƙon ƙarfe, wato wanda ba irin nata na asali ba, ba ta shiga gaba.

Da safe shugaban ƙungiyar, Bhekizizwe, ya zo da mutanensa. Bai ko durƙusa ya duba ba. Ido ya rufe, yadda suke yi in za su tantance mota da kunne, ya ce a tayar da inji.

"Kashe," in ji shi. "Wannan ba muryarta ba ce."

"Babban yaya, ga tambarin kamfani fa," in ji Mothusi. "Ko makancewa ka yi?"

"Tambarin banza! Shekarar da aka ƙera motar nan wanda ya zana wannan bututun yana tsumman goyo. Ka sa wa tsohuwa haƙoran yarinya, kana cewa nata ne."

"Uwa ɗaya ta haife su!"

"Ba a ciki ɗaya suka kwanta ba, ƙane. Ka bi baya, kusa da motar masu girki."

Mutanensa suka tuntsire da dariya. Mothusi ya gane motar Bhekizizwe ce za ta hau gaba, abin da shugaban ya daɗe yana haɗiyar yawu a kai.

Ranar Asabar ayari ya jeru, Bhekizizwe a gaba. Sai gari ya ɗauki ƙara, karnuka suka watse. Mothusi ne, ya kwance salansar gaba ɗaya, injin yana aman wuta tsirara. Ya sha gaban shugaban, ya jefa masa sabon bututun a gindin taya.

"Nemo min baƙon ƙarfe yanzu, mai dogon kunne!"

Bhekizizwe ya zagaya motar yana huci, bai samu ba. Ya tofar da yawu, ya ja baya. Motar Fanyana ta wuce gaba, masu makoki suna toshe kunne, ba mai jin waƙar da ake rerawa.

MaMokoena ta ɗaga murya daga bakin shingenta: "To wai ni, wannan ɗin ce muryar da Fanyana ya sani?"