Munduwar Hassana

Mairo mai kitso, ke kir raba ni da munduwar ɗiyata. Na faɗa a ƙofar gidanki, yau kuma na sa Malam Halliru ya rubuta ma Hakimi.

Ranka ya daɗe Hakimi, ni ce Kaltume ta Tursa. Ɗiyata Hassana ta rasu shekarar da Nasara sunka fara gyara hanyar Wurno. Abu biyu tab bar min: jikata Kulu, da munduwar azurfa mai ƴan ƙararrawa uku.

Kulu yanzu shekara goma sha ɗaya, kuma ban ganinta. Yau ƙunshi a Maikujera, gobe suna a Rabah, jibi gaɗa a dandali. Ƙawaye tara gare ta, ni da na tsufa da guda biyu. In ce, "Ke uwar yawo, ina kuma?" Ta ce, "Kaka, in ban je ba wa za ya ba da waƙa, ke?"

Ban hana ta ba. Na ɗaura mata munduwar. Da azahar nakan kishingiɗa gindin tsamiya, barci na ɗaukata yana sakina, sai in ji ƙararrawar daga can bakin fadama, siririya, tana matsowa ta cikin albasa. Kafin in buɗe ido Hassana ce tafe, ƙafarta jiƙe da ruwan gulbi, tana ce min Inna. In na buɗe, Kulu ce. Duka biyun nikan samu a shigowa guda.

Ran Laraba Kulu ta shigo shiru, kamar inuwa.

"Ina munduwa?"

"Na yi ƙawa, Kaka. Ladidi ta Kagara. Inna Mairo ta haɗa hannunmu, ta ce a ba da abin da anka fi so."

"Ita mi tab ba ki?"

Ta nuna min ƴar tsakiya shuɗiya, dutsen ado guda, tana murmushi.

Na tafi wurin Mairo. Ko kai ba ta ɗaga daga kitso ba. Wai kyautar ƙawance in an ba da ba a amsarta, in an amsa zumunci ya mutu, yarinya ta sha gori a dandali. Na san haka, ni ma na yi ƙawa. Amma da goro munka yi, ba da kayan mamaci ba.

Kwana shida ke nan ina kwantawa gindin tsamiya. Kurciya kawai nike ji.

Ranka ya daɗe, ban son a kunyata Kulu gaban ƙawayenta. Wadda ta haɗa hannun ita za ta san yadda za ta kwance shi. A kira Mairo gabanka, ta faɗi ranar da za ta taka zuwa Kagara ta maido min ƙarar munduwar ɗiyata.