Hon Ɗin Mai Burodi

Mai burodi yana da hon da ya fi motarsa daraja. Motar tsohuwa ce, da igiya ake ɗaure ƙofar bayanta, amma hon ɗin sabo ne fil, mai murya biyu, ɗaya siririya ɗaya kakkaura. Bakaniken da ya saka masa ya rantse babu irinsa a duk yankin.

Kowace safiya yakan bi ƙauyuka yana sauke burodi. A ƙauyen yayarsa, gidajen duk suna gefe guda, daf da wata kwana, itacen inuwa kuma yana tsallaken titi. Shi ba ya son rana ta taɓa masa kaya, sai ya saba tsayawa a inuwar ya danna hon. Kafin ya kwance igiya yara sun keto titi da gudu. Iyaye sun huta da kiran ɗan aike, shi ya huta da bin ƙofofi. Har alfahari yake a gidan burodi, wai yaran garin nan ko cikin barci suka ji hon ɗinsa sai sun miƙe.

Wata safiya ya danna, shiru. Ya sake dannawa, sai ga yayarsa ta fito ita kaɗai. Ta duba dama, ta duba hagu, ta tsallako a hankali, ta ɗora masa wani abu a kan cinya ta taga. Takalmin roba ne na Auta, 'yarta ƙarama, ya baje kamar an goge shi da dutsen guga.

Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce jiya da yamma tifar yashi ta shigo kwanar, direban ya hangi yara a bakin hanya, ya danna hon don su kauce. Hon ɗin mai murya biyu ne. Auta ta yar da tsintsiya ta ruga titi. Birkin mutumin ya kama, yarinya ta sha, takalmi ya tsaya ƙarƙashin taya. Shi ya sa yau kowace uwa ta kulle nata a ɗaki.

Mai burodi ya juya takalmin a hannu. Abin da ya iya fitowa daga bakinsa shi ne bakanike ya rantse masa babu irin hon ɗin.

"To, ya rantse wa mai tifa ma," in ji yaya. "Duk duniya in an yi hon kaucewa ake yi. Kai kaɗai ka koya wa 'ya'yan mutane a zo."

Ya bi ta cikin gida. Auta na zaune da ƙafa ɗaya a naɗe da tsumma, ta kalle shi tana fushi.

"Kawu, jiya ka zo da babbar mota, ba ka ba ni burodi ba."

Ya zauna a kan turmi.

Da farko ya ɗauka bayani zai yi magani. Ya tara yaran a ƙofar gidan yaya, ya yi musu jawabi kan titi da taya da birki, suna ta gyaɗa kai. Ya tambaya ko sun gane, suka ce sun gane. Ya duba hanya ya ga babu komai, ya tsallaka, ya danna hon don gwaji. Dukansu suka biyo shi, Auta a gaba tana ɗingishi.

Ya je wurin bakanike a cire hon ɗin. Bakanike ya cire, ya kuma tuna masa cewa na tifa dai yana nan.

Daga ranar ya bar inuwa. Tun kafin kwana yake rage gudu, ya shigo kamar mai rakiyar tsohuwa, ya tsaya gefen gidaje cikin rana, ya ɗauki kwali a kafaɗa ya bi ƙofa ƙofa. Burodi yana gumi a leda, shi ma yana yi. A gidan burodi suka ce direba ya koma talla, saura faranti. Masu shagunan gaba suka yi ƙorafin makara. Shi dai ya ci gaba da bin ƙofofi. Takalmin yana rataye a madubinsa, wanda ya tambaya sai ya ce ajiya ce.

Damina ta kusa wucewa, yana ƙofar yaya da kwali, Auta na wasa da marfin kwalba a ƙasa, sai ga hon mai murya biyu daga kwana. Kwalin ya suɓuce, hannunsa ya kai wuyan rigarta kafin ya sani.

Yarinyar ba ta ko yunƙura ba. Ta ɗaga kai ta bi tifar da kallo har ta wuce, sannan ta dubi hannun da ke riƙe da ita.

"Kawu, wancan yashi ne," ta ce.

Ta tsinci burodi ɗaya daga ƙasa, ta hure shi, ta tambaye shi yaushe zai dawo mata da takalminta.